Muryar Inna a Kwandon Shara

Ku gyara zama. Ku masu latse-latsen waya ku kife ta a cinya, don labarin nan yana son kunne biyu. In na kai ƙarshe akwai shari'a, kuma ku ne alƙalan. Tun yanzu ina faɗa muku, ba zan karɓi "ai duk sun yi ƙoƙari" ba. Wannan ba hukunci ba ne, zillewa ce.

A Ɗambatta aka yi wata mata ana ce mata Inna Tasalla. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu, duk maza, ta raine su da sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa har kowa ya zama mutum. Babbansu Tukur direban babbar mota ne, yana ɗaukar albasa yana kaiwa har Kamaru. Mai bi masa Nafi'u, malamin makaranta a Kazaure. Sai Basiru mai shagon kayan waya a bakin tasha, sai auta Rayyanu, tela. A kan Tukur labarin yake, don shi ne mai ciwon.

Inna mutuniyar da ce, ta riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Tun ranar da aka raɗa wa Tukur suna, sunan nan bai taɓa fita daga bakinta ba. Yana yaro "wancan" take ce masa, da ya girma ya koma "babbanku". Ba ta haɗa ido da shi, ba ta cin abinci yana wurin, in ya kawo mata tsaraba sai dai ta yi wa ƙannensa godiya su isar masa, alhali ga shi durƙushe a gabanta. Kowa ya san al'ada ce, Tukur ma ya sani sarai. Amma yana ji tana ƙwala wa auta kira tun safe har yamma, Rayyanu zo, Rayyanu tafi, Rayyanu ka ci abinci kuwa, shi kuwa ko da kuskure bai taɓa samu ba. Abin yana cinsa a rai tun yana ɗan makaranta, bai taɓa gaya wa kowa ba.

Wata rana zai yi tafiya, ya zo ya durƙusa zai yi mata sallama tana tsince shinkafa a tsakar gida. Ta kawar da kai kamar yadda ta saba, ta dubi bango ta ce, "Allah ya kiyaye hanya." Ban san abin da ya hau kansa ran nan ba. Sai kawai ya ji bakinsa yana cewa, "Inna, na haura arba'in, ko sau ɗaya ban ji sunana a bakinki ba. In ba kya sona ne, ki faɗa mini in sani." Hannun Inna ya tsaya cak a cikin faifan. Tukur ya miƙe ya fita. Kafin ya kai Kano nadama ta kama shi har yana dukan sitiyari, ya ce in ya dawo zai faɗi a ƙafarta ya nemi gafara. Bai dawo ya same ta ba.

Motarsa ta lalace a wani daji can gaba da Garwa a Kamaru, inda waya ba ta shiga. Ya daɗe a wurin yana jiran kayan gyara. Ranar da ya fito inda ake samun sabis, saƙonni suka yi ta shigowa kan juna, na farkon da ya buɗe shi ne na ta'aziyya. Ko da ya iso gida an daɗe da tashi daga zaman makoki, an naɗe tabarmi, baƙi sun watse. Rabon gado kawai aka dakatar, ana jiran babba. Tukur ya zauna a zaure ba ci ba sha. Mutuwa ta kowa ce, ya san wannan. Abin da ke neman zautar da shi shi ne maganar ƙarshe da ya yi wa mahaifiyarsa, da kuma rashin sanin ko ta yafe masa kafin ta cika.

Washegari Nafi'u ya zo daga Kazaure. Bayan sun gaisa sun yi wa juna gaisuwar rashi, ya matso kusa ya ce, "Yaya, akwai amanarka a wurina."

A falon Inna akwai wata tsohuwar kwamfuta ta kan tebur, wadda 'ya'yan suka haɗu suka saya mata don ta riƙa sauraron karatu. Tata ce a suna, amma kowa a gidan yana taɓa ta. Ita Inna abu ɗaya ya fi burge ta da ita, wato ɗaukar murya. Sai ta sa Nafi'u ya kunna mata, ta zauna ta yi ta zuba waƙoƙin daka da tarihin dangi, wai don jikoki. To, da ciwo ya fara cin ƙarfinta, sai wata rana ta ce ya kunna mata akwatin nan ya fita. Ta ce wannan na babbansu ne, kada kowa ya saurara, kada a tura ta waya, a ba shi a gidan nan bayan ranta.

Nafi'u ya ce, "Ban saurara ba, Yaya. Amma ina jan ƙofa na ji kalmar farko. Wallahi tallahi na ji ta ce Tukur."

Tukur ya yi zumbur ya miƙe, jiri ya kwashe shi, sai da ya dafa bango. Ya ce, "Me ka ce?" Nafi'u ya maimaita. Ƙato guda mai tuƙa mota mai ƙafa goma sha takwas, sai ga shi ya kasa saka takalmi. Haka ya shiga falon ba takalmi, ƙannen uku suna biye da shi.

Nafi'u ya kunna kwamfuta, ya buɗe foldar da muryoyin Inna suke. Fayilolin suna nan jere, amma sunayensu sun koma wasu harufa barkatai. Ya danna na farko, bai buɗe ba. Ya danna na biyu, sai wani ƙugi ya fito daga sifika kamar rediyon da ta ɓace tasha. Ya danna na uku, na huɗu, ya gangara har ƙasa. Babu waƙar daka, babu tarihin dangi, babu saƙo. Nafi'u ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Wa ya taɓa kwamfutar nan?"

Basiru ya ce a sanyaye, "Bairos ne, Yaya Nafi'u. Cuta ce ta shige ta bayan rasuwa. Ta cinye hotunan biki, ta cinye karatun, ban san har nan ta iso ba."

Tukur bai san bairos ba, bai san folda ba, amma ya san fuskar mutumin da ya ga asara. Ya dubi Nafi'u, ya dubi Basiru. Sai kuma Nafi'u ya bugi cinyarsa ya ce, "Tsaya! Ai na matse su!"

Ga abin da Nafi'u ya yi. Tun Inna tana da rai ya lura muryoyin nan sun yi yawa kuma suna da nauyi, kwamfutar har nishi take. Ya so ya kwafe su a filas, ɗan abin nan da ake sokawa a jikin kwamfuta a ɗebi kaya, amma nasa ƙarami ne, ba za su shiga ba. Sai ya tattara su gaba ɗaya, har da saƙon Tukur, ya sa wata manhaja ta matse su ta mayar da su fayil guda. Ku da ba ku sani ba, kamar mace ce ta ninke zannuwanta ta danne su ta ɗaure a ƙunshi ɗaya: kayan suna nan ba abin da ya ragu, wuri ne kawai suka rage ci, kuma sai an kwance ake ganinsu. Ya bar na asalin a inda suke, ya ajiye ƙunshin a wata folda daban. Yana shirin kwafewa aka ɗauke wuta. A yammacin nan jikin Inna ya rikice aka yi asibiti da ita, daga nan kuma sai makoki, sai komawa aiki. Filas bai samu komai ba, ƙunshin kuma ko suna bai sa masa ba, ya bar shi da sunan banza da kwamfuta ta ba shi. Amma dai da bai matse su ba, da muryar Inna ta ƙare a cikin ƙugin nan.

Numfashi ya dawo wa Tukur. Nafi'u ya buɗe ɗaya foldar yana cewa, "Yana nan, Yaya, kwantar da hankalinka." Ya duba sama, ya duba ƙasa. Ya rufe ya sake buɗewa. Ya sa kwamfuta ta bincika da kanta, ta ce ba ta ga komai ba. Gumi ya fara tsattsafo masa a goshi. Da ya waiwaya sai ya ga Basiru ya ɗora hannu biyu a ka, bakinsa a buɗe.

Basiru ya ce, "Wani babban fayil ne, fari fat, mara hoto?"

Nafi'u ya ce, "Yana da hoto mana, hoton littattafai a ɗaure."

Basiru ya ce, "Wayyo Allah na! Ni na jefar da shi."

Ga abin da Basiru ya yi. Bayan rasuwa ya zauna zai duba hotunan wani biki da Inna take ciki, ya ga rabinsu ba sa buɗewa. Kwamfuta ta yi nauyi, tallace-tallace suna ta faɗowa a fuskarta ba wanda ya kira su. Ya shiga inda ake ganin manhajojin da ke cikinta, sai ya tarar da manhajar matse fayil har guda huɗu, duk aikinsu ɗaya. Kun san yadda aka yi suka taru? Duk ranar da aka turo wa ɗayansu ƙunshi ya kasa buɗewa, sai ya sauke sabuwa daga intanet ya yi gaba abinsa. A gidan nan ƙane ba ya tambayar wansa me ya sa a kwamfuta, wai rashin kunya ne, wa kuma ba ya ganin sai ya yi wa ƙane bayani. To, ɗaya daga cikin huɗun jabu ce, ita ta shigo da cutar, kuma cutar tana bin folda-folda tana lalata abin da ta samu. Basiru ya wuni a kanta. Ya cire manhajojin nan huɗu ɗaya bayan ɗaya, ya sa maganin bairos ya wanke ta tas, cin ya tsaya cak. Daga baya da aka duba, an ga cutar ta riga ta shiga foldar da ƙunshin yake, ta lalata duk abin da ke samansa a jeri, saura shi. Da Basiru ya ce bari sai gobe, da ƙunshin Nafi'u ya bi sauran.

Sai dai da ya cire manhajojin, har da wadda ta ɗaure ƙunshin ya cire. Ƙunshi ya rasa mai kwance shi, hotonsa ya ɓace, ya koma fari. Basiru ya ga ƙaton fayil mara suna mara hoto, ya danna bai buɗe ba, ya ce lallai wannan ragowar cutar ce. Bai kira Nafi'u ya tambaya ba. Ya ja shi ya jefa a kwandon shara na kwamfuta. Aka kira shi shago ya fita, washegari ya dawo ya zubar da kwandon gaba ɗaya.

Nafi'u ya buɗe kwandon. Wayam.

Nan fa falo ya ɗauki salati. Nafi'u ya juya kan Basiru yana cewa wane irin ganganci ne mutum ya zubar da abin da bai sani ba. Basiru, wanda bai taɓa ɗaga wa wansa murya ba, ya ce wane irin malami ne zai ajiye amanar mamaciya ba suna ba alama. Tukur bai ji ko ɗaya ba. Sulalewa ya yi ya zauna a ƙasa daidai inda Inna take shimfiɗa dardumarta. Sau biyu ke nan a safiya ɗaya ana miƙo masa mahaifiyarsa ana fizgewa. Bai yi ihu ba, bai zagi kowa ba, hawaye ne kawai ke bin gemunsa yana cewa, "Shi ke nan. Ni na jawo. Allah ne ya ga ban cancanci ji ba." Duk wanda ya ji yadda ya faɗi maganar nan sai da tsigar jikinsa ta tashi.

Rayyanu tun da aka shigo yana raɓe a bakin ƙofa. Sai aka ga ya juya ya fita da sauri. Nafi'u ya ce, "Ka ga auta, ko tsayawa ba zai iya ba." Jim kaɗan sai ga shi ya dawo rungume da wani tsohon gwangwanin madara. Ya durƙusa ya juye shi a kan tabarma. Maɓallai suka watsu, da tsofaffin zif na wando, da allurai masu tsatsa, da murfin biro. Ya sa yatsa yana tonawa, 'yan'uwansa suna kallonsa kamar ya taɓu. Can ya ɗago wani ɗan filas mai fasasshen baya ya ce, "Yaya Basiru, ko wannan ne? Ni dai ban san mene ne ba."

Ga abin da Rayyanu ya yi. Shi mutum ne da ba ya zubar da komai. A shagonsa akwai buhunan ƙyalle da tun yana koyon ɗinki yake tarawa, in ya ga ƙusa a hanya sai ya ɗauka, 'yan gidan har tsokanarsa suke wai bola ma tsoronsa take. Kwamfuta kuwa bai iya komai da ita ba sai kallon samfurin ɗinki, da kuma leƙa kwandon shararta, don ko a can ba ya son ganin an yi asara. A yinin da Basiru ya fita shago, Rayyanu ya zauna ya leƙa kwandon ya ga ƙaton farin fayil. Bai san na wane ne ba, bai san me ke ciki ba. Amma ya ce a ransa kwamfutar nan ta Inna ce, ba a raba gado ba, kuma kafin a raba gado ko tsintsiyar mamaci ba a yarwa. Mayar da shi inda yake zai zama kamar ya ƙaryata yayansa, shi kuwa ba zai iya ba. Sai ya ɗauko wani filas da ya taɓa tsinta a sharar shagon Basiru, ya ja fayil ɗin ya zuba a ciki, ya jefa a gwangwanin maɓallai. Bai gaya wa kowa ba don gudun dariya, har shi kansa ya manta. Da bai leƙa kwandon nan ba, da aikin Nafi'u da na Basiru duk sun tashi a banza.

Basiru ya karɓi filas ya soka. Kwamfuta ba ta nuna ta ga komai ba. Ya zare ya sake sokawa, shiru. Tukur ya rufe ido, don ba zai iya kallon na uku ba. Rayyanu ya karɓa ya hure bakinsa, ya goge tsatsar a gefen rigarsa, ya miƙa. Aka soka, sai ga ƙara ɗan siriri, sai ga farin fayil ya bayyana shi kaɗai. Nafi'u ya dubi nauyinsa ya ce, "Shi ne! Wallahi shi ne!" Ya faɗi sunan manhajar da ya matse shi da ita, Basiru ya nemo ta gaskiyar daga inda masu ita suke ajiye ta, ya sa guda ɗaya tak. Nan take farin fayil ya koma hoton littattafai a ɗaure. Aka ce ya kwance. Wani koren layi ya fara tafiya a hankali, mutum huɗu suna kallonsa ba mai ko tari. Da ya kai ƙarshe, sai ga muryoyin Inna sun zubo reras, kowanne da sunansa, na ƙarshe an rubuta "na babbanku".

Ƙannen suka tashi za su fita. Tukur ya ce su zauna, ba zai iya shi kaɗai ba. Nafi'u ya danna.

Aka ji ƙarar jan ƙofa. Sai murya ta ce, "Tukur."

Tukur ya yi wata irin zabura kamar an taɓa shi da wuta. Muryar ta yi shiru, ana jin numfashinta, sannan ta sake cewa, "Tukur. Tukur. To, ka ji na faɗa. Ba yau na fara ba, ɗana. Babu ranar da ba na faɗinsa, sai dai a sujada nake faɗa, inda ba mai ji sai Allah. Haka aka koya mana, haka na ga uwata ta yi, ban san yana yi maka ciwo haka ba. Maganar da ka yi mini ba ta ɓata mini rai ba, tausayi ka ba ni. Na yafe maka duniya da lahira. Kai ma ka yafe mini."

Tukur ya kifa fuskarsa a tabarma ya saki kukan da bai yi ba tun yana yaro. Ƙannensa, da ba su saba jin sunan nan da wannan muryar ba, suka daskare a zaune. Rayyanu ya toshe bakinsa da hula. Ba wanda ya yi tunanin tsayar da sautin, sai muryar ta ci gaba.

Ta ce, "Matarka Furera tana da ciki, na lura ko da ba ta faɗa ba. Ba na jin zan ga abin da za ta haifa. In mace ce, ka sa sunan da ka ga dama. In namiji ne, ka yi wa ɗaya daga cikin ƙannenka takwara, wanda ya fi yi maka rana a cikinsu. Guda ɗaya, kada ka haɗa suna biyu don ka faranta wa kowa, na san halinka. Allah ya yi muku albarka." Daga nan sai aka ji tana laluben inda ake kashewa, tana cewa wannan akwati ba ya jin magana.

Watanni suka wuce, Furera ta sauka lafiya, aka samu namiji. Tukur ya ɗauki jariri ya yi masa kiran salla a kunne, da ya zo kan suna sai ya tsaya. Aka tambaye shi, ya ce sai ranar suna. Duk makon nan yana ta juya maganar. Ƙannen kuwa ba wanda ya zo ya ce a sa nasa, kowa ya sunkuyar da kai yana hidimar rago da goro, amma Tukur ya san kowannensu yana so, don wannan ba suna ba ne kawai, shaidar Inna ce.

In ya karkata ga Nafi'u, sai ya ce ai shi aka ba amana kuma ya riƙe, bai saurara ba, bai tura ta waya ba, kuma ƙunshin da ya ɗaure shi ne kaɗai ya tsira. Ba ƙunshi, ba abin da za a ceta. Sai kuma ya tuna shi ne ya bar shi ba suna ba alama, ya tafi Kazaure bai kwafe ba, bai gaya wa kowa ba.

In ya karkata ga Basiru, sai ya ce ai shi kaɗai ya ga gidan yana ci da wuta ya tsaya ya kashe. Sauran duk suna taɓa kwamfutar suna ganin tana ciwo, ba wanda ya damu. Shi ya gano jabun manhaja, shi ya cire tarkacen, shi ya tsayar da cutar tana dab da ƙunshin, kuma shi ya nemo ta gaskiyar da aka kwance shi da ita. Sai kuma ya tuna da hannunsa ya ɗauki muryar Inna ya jefa a shara, don ya ƙi buga waya ɗaya ya yi tambaya.

In ya karkata ga Rayyanu, sai ya ce ai lokacin da masu ilimin biyu suka gama nasu, fayil ɗin a bola yake, kuma auta ne ya tsamo shi don girmama kayan mamaciya. Sai kuma ya ce to amma shi bai san me ya ɗauka ba. Da takardar banza ce ma haka zai adana ta. Ana cewa mutum ya yi maka rana alhali bai san yana yi ba? Ga shi ya jefa shi cikin allurai masu tsatsa, saura kaɗan filas ɗin ya mutu da abin da ke cikinsa.

Ranar suna ta zo. An idar da sallar asuba, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, jama'a sun cika, an raba goro da dabino. Mahauci yana riƙe da rago yana jira. Nafi'u, Basiru da Rayyanu suna zaune a jere a bayan yayansu, ba mai kallon wani. Liman ya sunkuyo ya kawo kunnensa kusa da bakin Tukur ya ce, "Malam Tukur, wane suna?"

A nan zan tsaya, liman yana sunkuye, rago yana jira. Inna ta ce guda ɗaya, kuma ba a tsallake maganarta. To, ku alƙalai, wanda ya matse muryar ya ɗaure, da wanda ya cire manhajojin ya kashe cutar, da wanda ya tsamo ta daga kwandon shara, wane ne a cikinsu ya fi yi wa Tukur rana, har ya cancanci a raɗa wa yaron nan sunansa?